Gursu Mai Tsaga a Kumatu

Mijina, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai iya ganin azurfa ta yi baƙi ya ƙyale ta ba. Ko a hannun baƙo ya hangi zobe ya dushe, sai ka ga yatsunsa suna motsi. Wannan hali nasa shi ya ci mini gadon uwata. Na yafe masa tun yana da rai, amma duk sa'ad da na tuna sai raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi abin.

A shekarun nan na gab da samun mulkin kai, Diffa ba ta kai ko kusa da yadda take yau ba. Ɗan gari ne a bakin kogin Komadugu, kumandan Faransa yana can garin Maine. Ran Talata kasuwa ta cika da masu tattasai da masu bandar kifi da makiyaya, washegari a koma jin kukan jigo a lambuna. Mijina maƙerin fari ne, mai aikin azurfa, rumfarsa a ƙofar gidanmu, ni kuma kitso nake yi. Sana'o'inmu sun haɗu a kan abu ɗaya, tsohon kuɗin azurfan nan mai faɗi da mutanen Damagaram ke ce wa liyari, mu a bakin kogi mu ce gursu. An daina sayen hatsi da shi tun da takardun Faransa suka shigo, amma mata ba su sake shi ba. Shi zai liƙa masa kunne, inda ake zura zare, ni in kitsa shi a gashin amarya ko in jera wa mai jego a wuya.

Wanda bai sani ba cewa zai yi gursu duk ɗaya ne. A fuska wata Baturiya mai ƙiba da lulluɓi, a baya tsuntsu mai kai biyu, gefen kuma rubutu ya zagaye shi. Masu karatun boko ma sun ce lambar shekara iri ɗaya ce a jikin kowanne, tsoho da sabo. Ni lokacin ban san ko harafi ɗaya ba, amma babban yatsana ya bi ta kan gursu iyakar bi, ina riƙe da su ina jiran mai kai ta gyara kwanciya. Na san ba wuri ɗaya aka buga su ba. Akwai wanda ƙwayoyin maɓallin kafaɗar matar suka fito ɗaiɗai har ka bi su da farce, akwai wanda ƙwaya guda babu ita tun asali, ba gogewa ta yi ba. Wutsiyar tsuntsun a wani gashi guda ne a tsakiya, a wani biyu. Na taɓa riƙe wanda matar take da leɓen sama biyu, bugun farko ya goce aka ƙara na biyu a kai, mai shi ta ɗauka wani abin tsoro ne sai da na yi ta rantse mata. Har sunaye na raɗa musu ni kaɗai: mai giɓi, mai wutsiya biyu, mai leɓe. Mijina dariya yake yi mini. A wurinsa gursu nauyi ne da ƙara. Ya ɗora a mizani, ya jefa kan uwar maƙera ya ji amon ya yi tsawo, ya gama bincike.

Alhali a rumfarsa na koyi babban abin da na sani. Yana da wani ƙarfen tambari da yake buga ado da shi a kan mundaye. Ƙarfen ya tsage ta gefe, shi kuma don rowa ya ƙi ƙera wani. Duk munduwar da ya buga sai wani siririn layi ya fito a daidai wurin tsagar. Ba nutsewa yake yi ba irin na yankan wuƙa, tasowa yake yi, don azurfa ta kutsa cikin tsagar ƙarfen. Ran da na lura da haka na ce a raina, ashe can ƙasar da ake buga gursu su ma suna da marowatan da ke aiki da tsagaggen ƙarfe.

Abin ya zauna mini ne saboda gursun uwata. Guda ɗaya tak take da shi, a wuya da zaren fata, kuma yana da irin wannan layi. Daga ƙarƙashin idon matar ya taso, ya gangaro kumatu, da ya kai haɓa ya rabu biyu. Uwata takan ce Baturiyar ma an so a yi mata tsaga irin tamu, wanzamin ne ya gaji tun a ta farko. Da shi nake wasa a cinyarta tun ban iya magana ba. Da ta rasu ya faɗo a rabona, amma ban kawo shi Diffa ba. Na bar shi wurin yayata a ƙauyenmu, gaba da Assaga ta hanyar Bosso, don na riga na gane ɗakina ba wurin ajiye azurfa ba ne. Ƴan kunnena na aure wata Talata na neme su sama da ƙasa, ashe sun zama rabin zoben wani mai raƙuma. Mijina ya ce zai yi mini wasu. Ya kuwa yi, bayan shekara huɗu.

Da kaka abin ya faru, kogi ya cika ya tumbatsa. Wata dattijuwa daga cikin makiyayan da suka sauka bayan gari ta kawo gursu bakwai a zare ɗaya, kunnuwansu sun goge sun kusa tsinkewa, tana so a sake musu wasu. Gadon kakarta ne. Man shanu da hayaƙi da gumin mata uku sun mai da su baƙi ƙirin, da ƙyar kake gane ina fuska ina tsuntsu. Ni ina da ƙa'ida a kan irin wannan aiki. Kafin mai kaya ta tashi sai na zauna da ita, na bi kowane gursu da yatsa a gabanta, na faɗa mata alamarsa, sannan na tambaye ta ko tana son a wanke ko a bari. Matan daji yawanci ba sa so. Wannan baƙin a wurinsu hannun iyayensu ne. To ran nan ina can ƙarshen gari ina kitson suna, shi kaɗai ta tarar.

Ya liƙa kunnuwan, aiki mai kyau, ba zan rage masa ba. Wuta takan ɗan ci wurin da aka liƙa, kowa ya sani, wurin kaɗai ake gogewa. Shi kuwa ya dubi gursu bakwai baƙaƙe a gabansa, zuciyarsa ta kasa. Ya tafasa su duka a ruwan tsamiya da gishiri, ya bi su da toka da tsumma. Da na dawo na tarar da su jere a kan fata suna ɗaukar ido, shi yana kallonsu yana murmushi.

"Ta ce a wanke?" na tambaye shi.

"Wa zai ƙi abu mai kyau?" ya ce.

Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ina tsaki. A na biyar yatsana ya tsaya. Layin nan ne, daga ido zuwa haɓa, da rabuwarsa biyu. Na nuna masa, na ce wannan ɗan'uwan na uwata ne, ƙarfe ɗaya ya buga su. Ya ce to madalla, ya ci gaba da zuga wutarsa.

Talata ta zagayo, dattijuwar ta zo. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana kallonsu. Na ga fuskarta na san ran ya ɓaci, amma irin mutanen nan ne masu haɗiye magana. Ta ɗauki na farko ta juya shi ta sa a cinya, ta ɗauki na biyu, har shida. Na bakwai ta bar shi a kan fata.

"Maƙeri, wannan ba nawa ba ne," ta ce a hankali. "Nawa ba mai tabo."

Ya yi dariya, ya ce datti ne ya rufe shi da. Ta girgiza kai. Ta ce ita shanunta ma in guda ta yi ƙwarzane ta sani, balle abin da ta yi shekara arba'in tana ɗauke da shi a ƙirji. Na matso na ce, "Inna, ki riƙe shi a hannu, ki shafa kawai." Sai ta mai da hannuwanta cikin zane. A wurinsu in ka ɗauki abu da hannunka a gaban mutane ka karɓa ke nan, ba sauran magana. Na yi roƙo na yi magiya, ta ƙi ko kusantarsa.

Ranar kasuwa ce, nan da nan mutane suka taru. Cikinsu akwai wani dillalin azurfa da ke zuwa daga ƙetare, ɓangaren Ingilishi. Ya ɗauki gursun ya karkata shi ga rana, ya ce shi ba ya zargin kowa, amma layin da ya taso haka a jikin na zubi ake ganinsa, in an zuba narkakken ƙarfe a cikin laka lakar ta tsage. Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba, jabun gursu yakan zo da haka. Na ce ya dubi rubutun gefe yadda ya fito tsaf, ya nemi wurin haɗin zubi in zai samu, ya nemi ƴan ramukan nan na yashi da ba a raba na zubi da su. Ya dube ni ya ce, "Uwargida, ke ba kitso kike yi ba?" Aka yi dariya. Mijina ma, don ya nuna shi ba mace ke kare shi ba, ya ce in shiga gida.

Kafin la'asar mata biyu sun aiko a ba su mundayensu da ba a gama ba. A nan na tsorata. Mutane suna kawo wa maƙerin fari dukiyarsu ne su juya baya su tafi, ba takarda ba shaida. Ranar da aka ce yana musanya na gaske da na zubi, ba wanda zai sake ajiye ko allura a rumfarsa, daga nan har Bosso, kuma ba uwar da za ta bar matarsa ta taɓa azurfar kan ɗiyarta. Da abincinsa da nawa a kan gursun nan guda suke.

Aka kai magana gaban bulama, mai garin. Ya karɓi gursun ya ce zai zauna a wurinsa. Na durƙusa na ce ina da ɗan'uwansa a ƙauyenmu, wanda ya girmi mijina da rumfarsa, in aka jera su biyu kowa zai ga ƙarfe ɗaya ne ya buga su can inda aka yi su. Bulama ya ce makiyayan za su tashi ran Asabar, don haka ya ba ni zuwa Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Da safiyar Laraba na ɗaura wa jaki akumari. Na tsaya a bakin rumfa na ce, "Maigida, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka gwada ma kowa komai. Ko an zage ka ka yi shiru har in komo."

"Ni yaro ne?" ya ce. "Tahi abinki."

Hanyar da ake yi a rabin wuni da rani ta cinye mini wuni cur. Ruwa ya shanye ƙafar hanya, sai zagaye ta tudu, ga sauro da rana tsaka, ga jakin da in ya ga laka sai ya tsaya yana tunani. Na isa gidan yayata da yamma, ƙafafuna duk taɓo. Muka gaisa, ta kawo ruwa, na ce gursun inna na zo ɗauka. Sai ta fara gyara ɗaurin kallabinta.

"Ai yana ƙetare," ta ce. "Ɗiyar ƙawata aka yi wa aure, azurfarsu ba ta cika ba, na ba su aro. Kwana bakwai kawai."

"Yaya, ajiya na ba ki ko kayan aro?"

"To ni na san za ki zo? Shekara nawa ba ki tambaye shi ba."

Ba abin da ban faɗa mata ba, ita ma ba ta bar ni da bashin magana ba, sannan muka ci tuwo.

Ran Alhamis na shiga kogi. Ni haihuwar bakin ruwa ce amma ban taɓa shiri da shi ba. Manyan goruna biyu ne aka haɗa da sanda, ka hau tsakiya ruwa har ƙugu, kayanka a ka, mai fito yana iyo yana tura ka. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da wadda ba ta wurin ba. Na isa gidan amarya a jiƙe, na tarar da gursun uwata a tsakiyar goshinta, an kitse shi da gashi. Gwaggonninta biyu suka ce ko kusa, ba a tsefe kan amarya kafin kwana bakwai, saura biyu. Na yi musu bayani tun daga tsagaggen ƙarfe har zuwa bulama, suna kallona kamar mai tallar maganin da ba su nema ba. Da babbar ta ji sana'ata sai ta ɗan sassauto. Ta ce in zan zare silin nan guda kawai, in mai da shi yadda ko angon ba zai gane ba, to a duba. Kuma ita ma ga kanta ya kwana biyu. Ƙaramar ta ce nata ma haka.

Kai uku na yi ran nan, kyauta, ina kitso ina cizon leɓe. Ƙaramar gwaggon gashinta ya cukurkuɗe, tsefarsa kaɗai ta kai ni azahar. Kafin in gama masu fito sun tashi, dole na kwana. Da sassafe na ƙetaro, na karɓi jakina, gursun a ƙulle a bakin zanena, ina taɓa shi kowane ɗan lokaci. Na ji kiran sallar Juma'a ina wani ƙauye da ban ko san sunansa ba. Sai bayan la'asar na shigo Diffa.

Tun daga nesa na hangi taro a gindin bishiyar ƙofar bulama, kuma na ji warin gawayi. Me zai kawo wutar maƙera wurin shari'a? Da na matso sai ga zugazugin mijina a ƙasa, ga ƴar tukunyarsa ta narki, ga shi kansa a tsaye yana share gumi, fuskar nan fal annuri.

"Kin makara," ya ce. "An gama. Na gwada musu."

A kan wani tsingaro ga ɗan dunƙulen azurfa, fari sol, kamar ƙwallon dabino. Ashe da aka sauko daga masallaci aka ga ban iso ba, dillalin ya ce shi dai da za a duba cikin gursun, wataƙila dalma ce aka lulluɓe. Mijina ya ce a ba shi ya nuna. Bulama, shi ma da son ganin ƙwaƙwaf, ya miƙa masa. Ya aika aka kwaso kayan aikinsa, ya narka shi a gaban kowa. Ba dalma, ba jan ƙarfe, ba ko kumfa, aka auna nauyi ya cika.

Na sauka daga kan jakin. Na ce, "Ina layin?"

"Wane layi? Azurfa ce tsantsa, kowa ya gani."

Ban taɓa jin haushin ɗan Adam kamar na wannan lokacin ba. Kwana uku, da kogi, da kai uku, na ɗauko abin da za a jera da shi, shi kuma ya narkar da abin da za a jera. Kuma yana tsaye yana jira in yaba masa.

Dattijuwar tana zaune gefe, gursunta shida farare a wuya. Ta ce, "Ni ban ce ba azurfa ba ne. Na ce ba nawa ba ne. Yanzu kuma ba na kowa ba ne." Daga baya na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa mai gaskiya ba ya saurin sa shaida a wuta. Murmushin mijina ya fara gushewa. Sai a lokacin ya gane abin da ya aikata.

Na kwance bakin zanena na durƙusa gaban bulama. Na ce, "Allah ya ja da ranka, kwana uku wancan yana hannunka. Ka dube shi?" Ya ce ya duba har ya gaji. Na ce daga ina layin ya taso? Ya ce daga ƙarƙashin ido. Na ce ina ya ƙare? Ya ce a haɓa, kuma a nan ya yi reshe biyu. Na juya ga dillalin, ya ce haka ne. Sannan na ajiye na uwata a tafin bulama, baƙi, yana ƙanshin man kan amarya. Ya kai shi kusa da ido, ya miƙa wa dillalin. Dillalin ya jefa shi kan dutse ya saurari amon, ya bi rubutun gefe da farce, ya dubi kunnen. Kunnen irin na da ne, na maƙeran gabas, da ƙusa ake kafa shi ba liƙi ba, kuma zaren fata ya ci shi har ya yi masa kwari. Ya ce wannan na bugu ne, kuma ya fi kowa a wurin shekaru. Ya ƙara da cewa layin kam shi ne, ba bambanci. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Na karɓa na je gaban dattijuwar na tsuguna. Na ce, "Inna, wannan nawa ne, na uwata. Ga bulama shaida, in kin taɓa shi ba ki karɓi komai ba. Ki rufe ido ki shafa fuskar."

Ta fito da hannu daga cikin zane. Ta rufe ido. Na ga babban yatsanta ya sauka a goshin matar, ya gangaro, ya tsaya, ya koma sama ya sake gangarowa. Ya yi haka ya fi sau biyar, kuma tun a na biyu ba nema yake yi ba, hanyar da ya saba yake bi.

"Na san shi," ta ce, idon a rufe. "Na tsakiya ne, wanda ke kwanciya nan." Ta dafa ƙirji. "In ina bayan shanu shi nake shafawa. Ban taɓa dubawa ba, ɗiyata. Ban san a fuska yake ba."

Ta buɗe ido ta dubi bulama, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji. Ta ce nata yana da tabon, ita ce ba ta gane shi ba da aka wanke shi ya yi fari. Ta ce maƙeri bai ci amanarta ba, wauta kawai ya yi. Ban taɓa jin an wanke mutum da kalmar da ta dace da shi haka ba.

Mijina ya yi maza ya ce zai saya mata wani a wurin dillali, sabo fil, ya liƙa kunne yau ɗin nan. Dattijuwar ta juyo gare ni. Ta miƙo mini na uwata a buɗaɗɗen tafi, amma yatsan bai daina motsi a kansa ba. Na dubi shidan da ke wuyanta, farare kamar na baƙuwa, ba ko ɗaya da ya rage da hannun kakarta a jiki. Na dubi dunƙulen da ke kan tsingaro. Gobe za su tashi, kuma duk mashayar da suka sauka labarin da zai bi su shi ne, a Diffa an kai wa maƙeri bakwai an komo da shida da ƙwallo. Bulama ƙasa yake kallo.

Na kama yatsunta na naɗe su a kan gursun.

Kada wani ya ce alheri na yi. Ina yi ina jin kamar in kurma ihu, kuma da na miƙe ban ga hanya sosai ba don hawaye. Ta yi mini addu'a mai tsawo da harshensu, rabi na ji. Na ja jakina na wuce gida, na bar shi yana tattara zugazuginsa shi kaɗai.

Matan nan biyu sun maido da mundayensu kafin Talata. Aiki ya ci gaba da zuwa, har ya ƙaru, don labarin narkawar ya zaga kuma maza suna son irin wannan labari. Da wankewar da aka yi masa da gursun uwata ba wanda yake tunawa. Na yi kwanaki ba na ce masa komai sai "ga abinci". Yayata da ta ji ta aiko mini da saƙo cewa ita aro kawai ta bayar ya dawo, ni kuwa fa.

Wata safiya ya shigo tsakar gida yana ɓoye hannu a baya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya san ya ɓata mini. Ya buɗe hannu, sai ga siririyar munduwa, ya ƙera ta da dunƙulen nan da dattijuwar ta bari, ya zagaye ta da adon tambari. Ya ce in duba da kyau. Tsagaggen ƙarfen nan da nake yi masa gori a kai shekara da shekaru, ya jefar da shi, ya kwana biyu yana ƙera sabo saboda ni. "Ki shafa ki ji," ya ce. "Ba layi ko ɗaya."

Na shafa. Sumul take, tun daga wannan baki har wancan. Na dube shi, yana tsaye yana jiran in yi murna, da gaske yake har cikin ransa. Na rasa ko in yi kuka ko in jefe shi da ita, sai na sa ta a hannu na ce na gode.

Tana hannuna har yau. Ta yi baƙi ƙirin, don sau nawa ya ce in kawo ya ɗan tafasa ta a tsamiya, har ya bar duniya ban ba shi ba. In ina zaune ni kaɗai sai in tarar babban yatsana yana zagaya ta, yana neman inda layin zai taso ya rabu biyu.